Bidiyo daga fagen daga: me ya sa hoton soja bai kai na wayata kyau ba?

Auta:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya. Ina kallon bidiyoyin yaƙin Yukren, irin waɗanda kurman jirgi ke ɗauka yana bin tankar yaƙi, sai na lura hoton duk dishi-dishi ne kamar na tsohuwar talabijin mai eriya. Kuma kusan kullum, daf da jirgin zai isa wurin sai hoton ya watse. Ni kuwa wayar hannuna tana ɗaukar hoto tangaran, ta tura shi ta Wi-Fi ko gezau. To sojan da ake kashe wa biliyoyi, me ya hana shi abin da ke aljihuna? Baba Siginal da Injiniya, da ku nake.

Baba Siginal:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wayarka ba ta da abokin gaba. Ba wanda ya kwana yana shirin toshe mata kunne, ba wanda ke laluben inda take magana don ya jefo mata bam. Akwatin Wi-Fi ɗinka yana zaune wuri guda, yana jone da wuta, tsakaninku bai fi taku goma ba. Na soja kuwa a baya yake goye da shi, batir na ƙarewa, yana gudu, yana faɗawa rami. Lissafin na bar wa Injiniya. Mu a zamaninmu murya kawai muke turawa da oba-oba, ita ma da ƙyar.

Injiniya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Auta, ɗauko kalkuleta. Hoto ɗaya na bidiyo mai kyau yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato ɗigo miliyan 2 da ɗoriya. Kowane ɗigo yana cin bit 24 saboda launi, kuma ana son hoto 30 a daƙiƙa ɗaya. Ka ninka, za ka samu kusan gigabit 1.5 a kowace daƙiƙa. Babu rediyon goyo da zai ɗauki wannan kaya. Shi ya sa ake matse bidiyon da tsarin H.264 da ya fito a 2003, ko H.265 na 2013 wanda ke cin kusan rabin abin da na farkon ke ci. Bayan matsewa sai ya dawo megabit 2 zuwa 5.

Za ka ce ai wannan ba wani abu ba ne. To ka gwada shi da Link 16, hanyar da jiragen yaƙin NATO ke musayar bayanai da ita. A tsarinta na asali ba ta wuce kilobit 115 a daƙiƙa ba, alhali megabit ɗaya kilobit 1,000 ne, don an gina ta ne ta faɗi inda kowa yake, ba ta ɗauki hoto ba. Bidiyo sai da aka share masa tasa hanyar, irin CDL ta Amurka mai ɗaukar megabit 10.71 har zuwa 274. Ita kuma tana son eriya mai saiti da sarari fetal tsakanin jirgi da tasha. Sojan ƙasa da ke laɓe a kango ba shi da ko ɗaya daga ciki.

Mai Kyamara:
Injiniya a yi mini afuwa, amma bidiyon da Auta ya gani ba a ma matse shi ba. Analog ne. Ƙananan jiragen nan da mai sarrafawa ke sa tabarau yana gani kamar yana ciki, akasarinsu da tsohon tsarin talabijin suka fara, galibi a zangon gigahaz 5.8, kuma da gangan aka zaɓe shi. Ni aikina haska taro kai tsaye ne, na san halin kowanne. Analog idan sigina ta yi rauni sai ya fara yayyafi, ya yi layi-layi, amma kana dai ganin inuwar abin da ke gabanka. Dijital kuwa ba ya jinya, mutuwar fuju'a yake yi. Yanzu hoto tas, kafin ka ƙifta ido ya daskare.

Dalilin yana cikin matsewar da Injiniya ya faɗa. Ba kowane hoto ake aikawa cikakke ba. Ana aika cikakke ɗaya, na bayansa kuma su zo da abin da ya canza kawai. Idan cikakken nan ya lalace a hanya, duk waɗanda suka jingina da shi sun zama shara, har sai wani cikakken ya iso. Ga kuma lokacin da matsewa da warwarewa ke ci. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa, ka ga jinkirin rabin daƙiƙa mita 14 ke nan. Wanda ke riƙe da linzami ya gwammace hoto mai yayyafi na yanzu da kyakkyawa na ɗazu. Da babu gara ba daɗi.

Auta:
Na gane, Yaya. Amma a aji an koya mana cewa idan ƙunshin bayani ya ɓata a hanya, tsarin TCP da intanet ke tura bayanai da shi na sake aiko da shi. Me zai hana a yi haka?

Injiniya:
Wannan ya yi daidai idan fayil kake saukewa. A bidiyon kai tsaye, ƙunshin da aka sake aikowa ya iso bayan an tashi daga taro. Sannan TCP yana da wani hali: duk sanda ƙunshi ya ɓata, sai ya ɗauka cunkoso ne a hanya, ya rage gudu. A rediyo kuwa yawanci ba cunkoso ba ne, mota ce ta sha kwana bango ya tare sigina. Sai ya riƙa yi wa cutar da babu ita magani. Don haka da UDP ake turawa, tsarin da ba ya sake aiko abin da ya ɓata, a ƙara wasu bayanai na gyara a cikin saƙon tun daga tushe, yadda ko wani ɓangare ya zube mai karɓa zai iya cike giɓin da kansa ba tare da ya tambaya ba. Farashinsa shi ne ka sadaukar da wani kaso na hanyar da dama ba ta ishe ka ba. Wasu na'urorin kuma maimakon su aiko cikakken hoto a dunƙule, sai su riƙa sabunta shi yanki-yanki, don kada ɓatan ƙunshi ɗaya ya tafi da komai.

Malama:
Sannunku da ƙoƙari. Har yanzu ba a amsa rabin tambayar yaron nan ba, wato me ya sa hoton ke watsewa daf da ƙarshe. Kowa zai ce na'urar toshe sigina ce, kuma tana da nata kason. Amma babban mai laifi ƙasa ce. Waɗannan zangunan ba sa lanƙwasa, sai eriya ta ga eriya. Akwai ɗan lissafi mai sauƙi: eriyar da ke mita 2 daga ƙasa, a fili shimfiɗaɗɗe, ganinta bai wuce kusan kilomita 6 ba. Ka ɗaga ta mita 100, sai ya kai kilomita 41. Jirgin yana sama, mai shi yana jin sa rangaɗau. Da ya sunkuyo zai kai hari, ya shiga bayan tudu da bishiyoyi, shi ke nan. Kuma a kusa da ƙasa sigina ba ta raguwa yadda take yi a sararin sama. A sama idan ka ninka nisa, ƙarfi ya dawo kashi ɗaya cikin 4. Daf da ƙasa yana iya dawowa ɗaya cikin 16. Shi ya sa suke ɗaga wani jirgin a sama ya zama ɗan aike tsakani.

Wannan ɗan aiken shi ne tushen abin da ake kira MANET, ko mesh, ni ina ce masa raga. Babu hasumiya, babu uwar tasha. Kowane rediyo yana karɓa yana kuma miƙawa, na soja, na mota, na jirgi. Idan ɗaya ya mutu sai saƙo ya sake hanya da kansa. Ba sabon tunani ba ne, hukumar DARPA ta Amurka ta fara gwajin tura ƙunshin bayanai ta rediyo tun 1973. Yau kamfanoni irin su Silvus, Persistent Systems da TrellisWare shi suke sayarwa, wasunsu da eriya biyu zuwa huɗu a jikin rediyo ɗaya, yadda siginar da ke dukan gine-gine tana dawowa za ta zama riba maimakon asara.

Sai dai raga tana da haraji. Rediyo mai zango ɗaya ba ya ji da magana lokaci guda. Na tsakiya sai ya saurara, sannan ya maimaita, ka ga hanya ta rabu biyu. Ka ƙara wani ɗan aiken ta sake raguwa. Gupta da Kumar sun nuna a lissafe tun shekarar 2000 cewa yadda jama'ar raga ke ƙaruwa, haka rabon kowane mutum ke ƙanƙancewa. Ga kuma gaisuwar da rediyoyin ke yi wa juna ba dare ba rana don su san wa ke kusa da wa, ita ma hanya take ci.

Injiniya:
Malama, ina da ja kaɗan a nan. Mutane na jin wannan sai su ɗauka kowane ɗan aike rabi yake yankewa har abin ya ƙare ƙurmus. Ba haka ba ne. Idan layin ya yi tsawo, na farko da na biyar ba sa jin juna, don haka suna iya magana lokaci guda. Raguwar tana kaiwa wani wuri ta tsaya.

Malama:
A takarda haka ne, Injiniya. Amma nisan da rediyo ke damun maƙwabcinsa ya fi nisan da yake iya isar masa da saƙo. Inda take tsayawar ya fi ƙasa da yadda kake zato, kuma wannan duk kafin mutum shida su ce kowa bidiyonsa zai tura.

Ɗan Tsokana:
Ni duk wannan wahalar ban ga dalilinta ba. A ba kowace runduna faifan Starlink, mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam, a wuce wurin. Ba shi ya ceci Yukren ba? Kuma Auta, batun biliyoyin da ka kawo, kada ka ɗauka kuɗi ne ke sa rediyo aiki. Amurka ta shafe shekaru fiye da goma tana gina rediyon mota a shirin JTRS, wai guda ɗaya da zai yi kowane yare, aka zuba kusan dala biliyan 6, a 2011 aka soke shi.

Injiniya:
Batun JTRS gaskiyarka ne. Na Starlink kuma rabin gaskiya. Abin da ya canza shi ne tsayi. Tsofaffin taurarin sadarwa suna kilomita 35,786 daga ƙasa. Hawa da sauka kaɗai, da gudun haske, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa ne, kafin a je a dawo an ci rabin daƙiƙa. Shi ya sa manyan jirage marasa matuƙa na Amurka, Predator da Reaper, duk da masu tuƙa su na zaune a sansanin Creech da ke Nebada, a da tashi da sauka ba a bar musu ba. Wasu ma'aikata ne a kusa da filin jirgin ke yi da rediyo kai tsaye, sai jirgi ya hau sama su miƙa shi. Na Starlink kuwa suna wajen kilomita 500, jinkirin ya zama ɗan kaɗan, faifan kuma mutum ɗaya na ɗauka.

Amma duba inda yake aiki. Yana haɗa ramin masu sarrafa jirage da hedikwata, har an sha ba da rahoton yadda kwamandojin Yukren ke kallon hotunan jirage ta Discord da Google Meet. Tsakanin ƙaramin jirgi da mai shi kuwa, galibi rediyo ne. Kuma kada mu manta abin da ya sa aka ruga wurinsa. Ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da aka fara mamayar, an kai wa hanyar tauraron KA-SAT na kamfanin Viasat harin kwamfuta, dubban modem suka mutu. Har injinan iska 5,800 a Jamus sai da suka rasa hanyar da ake lura da su daga nesa. Ba a harbo tauraron ba, ba a toshe zangonsa ba, ta ƙofar baya aka shiga.

Baba Siginal:
Ɗan Tsokana, zanen aro ba ya rufe katara. Hanyar da wani kamfani a wata ƙasa zai iya cewa yau ta yi aiki a nan, gobe kada ta yi a can, ba taka ba ce, ko da kai ke biya.

Amma ni abin da ke damuna da hirar nan, duk kuna maganar yadda hoto zai isa, ba wanda ya yi maganar abin da zai biyo bayan hoton. Duk abin da ke fitar da sigina fitila ce a cikin duhu. Abokin gaba ba ya buƙatar ya fahimci abin da kake faɗa. Tasha biyu ko uku su ji daga wace kusurwa kake, su ja layi a taswira, inda layukan suka haɗu nan atilare zai sauka. Muna samari, a wani atisaye, mai rediyonmu ya tsaya yana karanto dogon jerin kayan da muke buƙata. Bai kai ƙarshe ba alƙalan atisayen suka iso suka ce mu zauna, duk mun mutu. Tun daga ranar na koyi a faɗi magana a taƙaice, a saki maɓalli, a kuma ja waya a kafa eriya nesa da inda mutane ke kwana.

To murya ke nan, ta 'yan daƙiƙoƙi. Bidiyo ba ya sakin maɓalli. Raga kuma, yadda Malama ta ce, kowa na gaishe da kowa ba hutu. Wato runduna ce gaba ɗaya take ta zana kanta a allon maƙiyi. Kun tuna harin da aka kai wa sojan Rasha a garin Makiivka na gabashin Yukren a daren shiga 2023? Ma'aikatar tsaron Rasha da bakinta ta amsa mutuwar soja 89, ta kuma ɗora laifin a kan wayoyin hannun da suka kunna. Da yawa ba su yarda wayar ce kaɗai ba, sun ce an tara mutane da yawa a gini ɗaya. Ko ma dai yaya ne, ba wanda ya musa cewa ana iya gano mutum ta haka.

Auta:
Allah ya jiƙan maza, Baba. To ai na ji ana cewa rediyon soja yana tsalle daga zango zuwa zango, ba a iya kama shi.

Malama:
Yana yi. Dabarar ma tana da labari: Hedy Lamarr, 'yar fim, da George Antheil, makaɗin fiyano, sun samu rajistar irinta a 1942, da zango 88 daidai da yawan maɓallan fiyano. Link 16 da Injiniya ya ambata yana yawo a kan zango 51, yana tsalle kusan sau 77,000 a daƙiƙa. Amma tsalle sai da fili. Muryar soja tana shiga tashar da faɗinta kilohaz 25 ne, don haka tsakanin megahaz 30 da 88 akwai mata wurin sauka fiye da 2,000. Rediyon bidiyo kuwa yakan ci megahaz 5, ko 10, ko 20. Na 20 ɗin ya ninka na murya sau 800. Ɗan tsako yana ɓuya a ko'ina, raƙumi fa? Wuraren da zai koma kaɗan ne, mai toshewa na iya rufe su duka.

Mai Kyamara:
Bari in ƙara wani abu da mutane ke juyawa. Na'urar toshewa ba bakin mai magana take rufewa ba, kunnen mai sauraro take cikawa da ihu. A ƙaramin jirgi kunnuwa biyu ne a wurare biyu. Kunnen da ke karɓar umarni yana jikin jirgin, kuma shi ne ke matsowa kusa da na'urar da aka ɗora a kan tanka, don haka shi ya fi saurin kurumcewa. Kunnen da ke karɓar bidiyo kuwa yana can wurin mai sarrafawa, kilomitoci a baya. Kafin ka toshe wannan sai ka ɗaga eriya sama ka kuma san wajen da yake. Shi ya sa kowane ɓangare ke ta sauya zango, yau nan gobe can, masu toshewa na biye da su. Cibiyar RUSI ta Birtaniya ta ƙiyasta a 2023 cewa Yukren na asarar jirage marasa matuƙa kusan 10,000 a wata, kuma toshe sigina na cikin manyan dalilai.

Ɗan Tsokana:
Sai kuma aka ƙare a ina? A zare! Shekara hamsin ana bincike a kan sadarwa ba waya, ƙarshe aka ɗaura wa jirgi zare kamar wanda yara ke sakawa a iska.

Injiniya:
Ka yi dariya, amma ya yi aiki. Tun 2024, musamman a yankinta na Kursk, Rasha ta fara amfani da jirage masu jan zaren gilashi, Yukren ma ta bi sahu. Ƙullin zaren yana jikin jirgin, yana warwarewa yana tafiya, kilomita 10, wasu 20. Haske ne ke bi ta ciki, ba abin da ke fita iska, don haka ba a toshe shi, ba a kuma jin sa. Auta, in ka ga bidiyon da hoton ya tsaya tas har daƙiƙar ƙarshe, ko jirgi ya shiga cikin rumbun ajiya yana leƙe-leƙe, akwai yiwuwar mai zare ne. Nauyin ƙullin yana rage abin da jirgin zai ɗauka, zaren na iya tsinkewa, kuma idan ya taru a gonaki yana ƙyalli da rana yana iya nuna inda ake tasowa. Sannan mutum ɗaya yake kai wa hoto. Ba ya maganin runduna mai tafiya da ke son kowa ya gani.

Malama:
Ni akwai abin da ban yarda da shi ba a analog ɗin da Mai Kyamara ke yabo. A buɗe yake. Duk mai na'urar karɓa a wannan zango yana ganin abin da jirginka ke gani. Kuma an taɓa shan wannan darasi. A Disambar 2009 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin cewa mayaƙa a Iraƙi na kallon bidiyon Predator da wata manhaja mai suna SkyGrabber, ta kusan dala 26, wadda aka yi don kwasar abin da taurarin ɗan'adam ke watsowa. Ba su ƙwace jirgin ba, amma an samu bidiyon a kwamfutocinsu. An san da ɓarakar tun zamanin Bosniya, aka ɗauka ba wanda zai iya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai Kyamara:
Malama, ba abu ɗaya ba ne. Predator yana shafe sa'o'i yana gadin gida ɗaya, wanda ya ga hotonsa ya san sirrin wata guda. Ƙaramin jirgi rayuwarsa duka mintuna ne. In ka ga kanka a hotonsa, me ya rage maka ban da gudu?

Malama:
Gudun ai shi ne. Sojoji na yawo da na'urorin da ke kama wannan hoton don su san ko su ake nufi. Kuma in an kama hoton tun yana tashi, an ga inda ya taso.

Injiniya:
Ku biyun kuna da gaskiya, kowa a nasa jirgin. Abin da zan ƙara shi ne kulle bidiyon dijital da tsarin ɓoye bayanai na AES-256 yau ba wuya, ƙaramin guntu na yi. Wahalar tana wurin makulli. Na'urar ROVER da Amurka ta fara a 2002, don sojan ƙasa ya ga abin da jirgi ke gani, an raba ta da yawa, har ga ƙawaye. Ranar da ka ce za ka kulle, sai kowace ɗaya ta samu makullin, a kuma canza shi duk sanda guda ta faɗa hannun maƙiyi. Wanda makullinsa bai iso ba ya makance, kuma a ranar da ya fi buƙata.

Baba Siginal:
Yanzu a ce duk an warware, hoto ya isa tas, a kulle, a kan lokaci. Wa ke kallo? Ni abin da na gani a rayuwa, duk sanda na sama ya samu ido sai ya nemi ya zama shi ne hannu. A Mogadishu, Oktoban 1993, jiragen Amurka na sama suna ganin titunan garin sarai. Amma umarnin sai ya bi ta hannu biyu uku kafin ya iso ga direba a ayarin motocin sojansu da ke ƙasa. Kafin a ce masa ya sha kwana ya riga ya wuce kwanar. Ayarin ya yi ta zagaye ana harbinsa, alhali masu kallo na gani.

Malama:
Akwai kuma ɗaya gefen, Baba. Kyamarar jirgi kamar leƙe ta kafar makulli ce, kana ganin ɗan wuri ƙarara, ba ka san abin da ke gefensa ba, sai zuciya ta cike sauran. A Uruzgan ta Afganistan, Fabrairun 2010, ma'aikatan Predator sun shafe sa'o'i suna bin motoci uku, suka bayar da rahoton da ya sa aka kai musu hari, ashe fararen hula ne, da mata da yara a ciki. Binciken sojan Amurka da kansa ya ga laifin rahoton nasu. Hanyar sadarwa ba ta yanke ba a ranar.

Shi ya sa ni a ganina ba kullum bidiyo ake buƙata ba. Ƙa'idar NATO ta STANAG 4609 ta sa ana cusa wasu 'yan bayanai a cikin bidiyon: ina jirgin yake, ina kyamara ke kallo, ƙarfe nawa. Sau da yawa waɗannan 'yan lambobin da hoto guda tsayayye sun ishi mai atilare ko kwamanda, su fito masa a ATAK, manhajar taswirar soja ta waya. Suna wucewa ta siririyar hanya cikin ƙiftawar ido, rediyo ya yi shiru. Bidiyo mai motsi a bar wa wanda ke tuƙi.

Mai Kyamara:
A nan ma ina da ja. Hoto tsayayye ba ya nuna maka ko abin da ke hannun mutum bindiga ce ko fartanya. Motsi ne ke nunawa. In kin rage bidiyo don a tsira daga atilare, kin ƙara yiwuwar irin kuskuren da kika ambata yanzu.

Malama:
Na Uruzgan bidiyo mai motsi suke kallo, na sa'o'i.

Mai Kyamara:
Haka ne. Amma da hoto guda aka ba su, da ba su fi haka gani ba.

Auta:
Kai, na zo da tambaya ɗaya na tafi da goma. Yaya Injiniya, ina neman abin da zan yi aikin kammala karatu a kai, kuma gardamarku da Malama a kan ragar nan ta ja hankalina. Ana iya gwadawa ba tare da sayen rediyo ba?

Injiniya:
Ana iyawa. Sauke ns-3, manhajar kwaikwayon hanyoyin sadarwa a kwamfuta, kyauta ce. Jera rediyo a layi ɗaya, kowanne yana jin maƙwabcinsa kawai, ka tura bidiyon megabit 3 ta UDP daga na farko zuwa na ƙarshe. Fara da biyu, ka riƙa ƙara ɗaya har takwas. Kowane mataki ka rubuta abu uku: nawa ya isa, nawa ya zube, da jinkirin. In ka gama wannan sai ka kashe na tsakiya ana cikin turawa, ka ƙirga daƙiƙa nawa hoton ya yi a daskare kafin ragar ta samo wata hanya. Don wannan gwajin sai ka ajiye wani rediyon a gefen layin, in ba haka ba babu hanyar da za ta samo.

Malama:
Ka kuma sa rediyo biyu su tura bidiyo lokaci guda, ɗaya daga kowane ƙarshe. Injiniya ya manta da wannan, ko kuma ya ƙi tunawa.

Ɗan Tsokana:
Ni ina bayan Malama. Auta, in sakamako ya fito ka sako mana shi a nan kafin ka kai wa malaminku.